Me ya sa ake korar wani mai jifa a besbol, a ƙyale wani?

Wani mai bibiyar wasannin Amurka ya aiko da tambaya: "Na kalli wasan besbol, mai jifa ya sami ɗan wasa a haƙarƙari da ƙwallo, alƙali bai ce masa kanzil ba. A wani wasan kuma ƙwallon ba ta ma taɓa kowa ba, amma aka kori mai jifan. Wace irin doka ce wannan, kuma tun asali haka abin yake?"

Ɗan'uwa, abin da ka gani ba kuskuren alƙali ba ne, haka dokar take a rubuce. A babbar gasar Amurka ba a korar mai jifa don ƙwallonsa ta sami mutum. Ana korarsa ne idan alƙali ya gamsu cewa da gangan ya auna mutumin, ko ta same shi ko ba ta same shi ba. Niyya kuwa a zuci take, alƙali ba ya ganinta, sai dai ya yi kirdado. Duk rikicin da ake ta yi fiye da shekara ɗari a kan wannan batu daga nan ya taso, kuma a ganina nan ne raunin dokar yake.

Sai mutum ya san abin da ke tsakanin mutanen nan biyu kafin ya fahimci sauran. Daga tudun da mai jifa ke tsayawa zuwa farantin da mai bugu ke tsaye a gefensa mita 18 ne da 'yan kai. Ƙwallon ba ta wuce giram 150 ba, amma tauri gare ta, zare ne aka nannaɗe tamau aka ɗinke da fata. Gwanin jifa na sakinta da gudun kilomita 150 a awa ɗaya ko fiye, ta iso cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. Faɗin farantin kansa santimita 43 ne kawai. Mai bugu yana son ya matso ya rufe farantin domin gorarsa ta kai ga ƙwallon da aka jefa can nesa da shi. Mai jifa kuma idan ya bar shi ya miƙe ƙafa a wurin, kashinsa ya bushe, don haka dole ya riƙa jefa wasu ta kusa da jikinsa domin ya ja da baya. Wannan jifa ta kusa da jiki halal ce, babu mai jifan da zai daɗe a sana'ar ba tare da ita ba. Tsakaninta da samun mutum kuwa bai fi taƙi ɗaya ba.

Dokoki biyu ne a nan, kuma mutane kan gwama su. Ta farko diyya ce: wanda ƙwallo ta sama yana tafiya zango na farko kyauta, wato na farko cikin zanguna uku da mai bugu ke bi kafin ya dawo faranti ya ci maki. Gasar American Association ce ta fara wannan a 1884, National League, ɗaya daga rukunai biyu na babbar gasar a yau, ta biyo baya a 1887. Kafin lokacin, sai dai mutum ya sosa wurin ya koma ya tsaya. Diyyar tana da sharaɗi, wato kada ya zama ya kai bugu, kada ƙwallon ta same shi a cikin hurumin da ya kamata ya buga, kuma ya yi ƙoƙarin kaucewa. Ba kasafai alƙalai ke amfani da sharaɗin kaucewar ba, shi ya sa har yau ake tuna abin da ya faru a ƙarshen Mayun 1968. Don Drysdale, mai jifan Dodgers, yana tsakiyar jerin wasannin da ba a ci shi ko maki ɗaya ba, zangunan uku duk da mutane, sai ya sami Dick Dietz na Giants. Da an ba Dietz zango, maki ya shiga, jerin ya tsinke. Alƙali Harry Wendelstedt ya ce Dietz bai yi yunƙurin kaucewa ba, ya hana shi. Drysdale ya ci gaba har ya kafa tarihin zagaye 58 da ɗoriya ba a ci shi ba (wasa ɗaya zagaye tara ne).

Doka ta biyu ita ce ta hukunci. Idan alƙali ya ga da gangan ne, yana da zaɓi: ya kori mai jifan nan take, ko ya haɗa da manajansa, ko kuma ya yi gargaɗi ga ɓangarorin biyu cewa duk wanda ya sake, shi da manajansa za su fita. Idan an san akwai jiƙaƙƙiya tsakanin ƙungiyoyin, ana iya yin gargaɗin tun kafin a fara wasa.

Ka tambaya ko tun asali haka yake. A'a. A da can kora a kan wannan laifi abu ne mai wuyar gani, har a ranar da aka yi asarar rai. Ranar 16 ga Agusta 1920, a filin Polo Grounds na New York, Ray Chapman na Cleveland ya tsaya bugu a zagaye na biyar. Mai jifan Yankees, Carl Mays, irin masu sunkuyawa ne su saki ƙwallo daga ƙasa-ƙasa, tana tasowa tana zuwa. A zamanin ana daɗewa ana wasa da ƙwallo ɗaya, 'yan wasa suna goga mata ƙasa da ruwan taba har ta yi baƙi ƙirin. Waɗanda suka gani sun ce Chapman ko motsi bai yi ba, alamar bai ga tahowarta ba. Ƙarar da ta yi a kansa ta sa Mays ya ɗauka gora ta daka, ya ɗauki ƙwallon da ta gangaro gabansa ya jefa zango na farko. Chapman ya durƙushe, jini na fita ta kunnensa. Aka tashe shi, ya yi 'yan taku zuwa ɗakin sauya kaya, ƙafafunsa suka kasa ɗaukarsa. Kafin gari ya waye sosai ya cika a asibiti, yana da shekara 29, matarsa na da juna biyu. Ba a kori Mays ba, ya ci gaba da jifa a wannan wasa, kuma hukuma ta ɗauki abin a matsayin tsautsayi. Har yau Chapman ne kaɗai ɗan wasan babbar gasa da jifa ta yi ajalinsa.

Abin da aka gyara bayan rasuwarsa ƙwallo ce. Aka umarci alƙalai su riƙa sauya wadda ta yi datti, aka kuma ƙara matsa wa masu shafa mata yawu. Kan ɗan wasa kuwa aka bar shi da hular yadi. A 1937 ƙwallon Bump Hadley ta fasa ƙoƙon kan Mickey Cochrane na Detroit, ya yi kwanaki tsakanin rai da mutuwa, bai sake buga wasa ba. Sai a shekarun 1950 aka fara sa kariyar kai da gaske, hular kwano ba ta zama dole ga kowa ba sai 1971, mai rufe kunne kuma sai 1983, shi ma ga sababbin shiga. Wannan jinkiri ya ci mutane. Ranar 18 ga Agusta 1967 a Boston, ƙwallon Jack Hamilton ta sami Tony Conigliaro a kumatun hagu, ta karya ƙashin, ta lalata masa ido. Yaro ne ɗan shekara 22 da ake sa ran zai zama cikin manyan zamaninsa, kuma hularsa ba ta da marufin kunne. Ya rasa kakar 1968 gaba ɗaya, ya dawo ya taɓuka, amma ganinsa ya ci gaba da raguwa har ya haƙura.

Tsakanin waɗannan shekaru tsoratarwa ta zama kayan aiki, ba a ma ɓoye ta. Sal Maglie na Giants ana masa laƙabi da Wanzami saboda yadda ƙwallonsa ke bi ta gefen haɓar mutum. Drysdale ya sami mutane sau 154 a rayuwar wasansa. Bob Gibson na St. Louis bai kai wannan adadi ba, amma kowa ya san idan ka matso farantinsa za ka sha ƙasa. Sai dai adadi kaɗai ba ya nuna mugun nufi. Walter Johnson ya sami mutane fiye da sau 200, alhali an san shi da tsoron kada ya raunata wani, har Ty Cobb ya gane haka yana matsowa da gangan don ya tilasta masa jefawa nesa. Ta ɓangaren masu bugu ma akwai waɗanda suka mai da jikinsu jari. Ron Hunt na Montreal ƙwallo ta same shi sau 50 a 1971 kaɗai, Craig Biggio sau 285 a tsawon wasansa, biyu kawai ya rage ya kamo Hughie Jennings mai 287.

Akwai kuma abin da bai kamata a tsallake ba. Lokacin da baƙaƙen fata suka fara shiga gasar, tun daga Jackie Robinson a 1947, jifa ta zama hanyar gaya musu ba a maraba da su. Minnie Miñoso, baƙar fata ɗan Kyuba, sau goma yana zama wanda aka fi samu da ƙwallo a American League, ɗaya rukunin babbar gasar. Wasu za su ce tsayuwarsa ce kusa da faranti, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma dokar da ta dogara da karanta zuciya ta bar ƙofa a buɗe ga duk mai ƙiyayya ya ce hannunsa ne ya kuɓuce, kuma an bi ta wannan ƙofa.

In kana son ganin iyakar sakacin wancan zamani, dubi 1 ga Mayu 1974. Dock Ellis na Pittsburgh yana ganin abokan wasansa sun fara shakkar Cincinnati Reds, sai ya ƙudurta zai sami duk wanda ya tsaya gabansa. Ya sami Pete Rose. Ya sami Joe Morgan. Ya sami Dan Driessen. Tony Pérez ya yi ta gocewa har aka ba shi zango, maki ya shiga. Johnny Bench ya zo, Ellis ya jefa biyu ta wajen kansa. Mutum biyar a jere, kuma ba alƙali ne ya fitar da shi ba, manajansa Danny Murtaugh ne ya tako ya karɓi ƙwallon.

Da hukuma ta ƙi hukunci, 'yan wasa suka riƙe nasu. Ƙa'idar ba a rubuce take ba amma kowa ya haddace ta: ka sami namu, mu sami naka, ka buga ƙwallo ta tsallake katanga ka tsaya kana taƙama, ka saurari sakamako, kuma ramuwa a cinya ko a baya ake yinta, ba a kai ba. Masu kare al'adar suna cewa ita ke tsare 'yan wasa, tunda kowa ya san akwai ramuwa. Ban yarda ba. Mutumin da ke jifa da gudun kilomita 155 ba shi da tabbacin inda ƙwallonsa za ta sauka, wanda ya auna haƙarƙari yana iya samun wuyan hannu ko fuska. Ramuwar gayya kuma ba ta tsayawa inda aka ce ta tsaya. Ranar 12 ga Agusta 1984 a Atlanta, Pascual Pérez ya sami Alan Wiggins na San Diego da jifar farko ta wasan. 'Yan San Diego suka yi ta auna Pérez duk lokacin da ya zo bugu, ana korar mai jifa wani na shigowa ya ɗora, har suka same shi a zagaye na takwas. Aka yi ta dambe, 'yan kallo suka shiga, aka kama wasu. An kori manajojin biyu, Dick Williams da Joe Torre, da 'yan wasa fiye da goma, aka dakatar da Williams kwana goma.

Tsarin gargaɗi an kawo shi ne don a kashe irin wannan wuta tun tana ƙarama, kuma ya rage ta. Amma yana da aibi babba: wanda ya riga ya yi, ya ci bulus. Ranar 18 ga Agusta 2013 Ryan Dempster na Boston ya jefa ta farko ta bayan ƙafafun Alex Rodriguez, ya jefa biyu ta kusa da jikinsa, ta huɗu ta same shi. Babu wanda ke filin da bai gane ba, domin Rodriguez na wasa ne yana jiran ɗaukaka ƙara kan dakatarwar shan ƙwayoyin ƙara kuzari, kuma 'yan wasa da yawa na jin haushinsa. Alƙali ya yi gargaɗi ga kowa, ya bar Dempster. Manajan Yankees Joe Girardi ya fito yana kumfar baki, shi aka kora. Haka a Mayun 2012 Cole Hamels ya sami Bryce Harper, ɗan shekara 19 sabon shiga, ba a kore shi ba, bayan wasa ya faɗa da bakinsa cewa da gangan ya yi. Sai da ya furta sannan aka dakatar da shi wasa biyar. Darasin da sauran masu jifa suka ɗauka shi ne kada ka amsa. Shi kuwa mai bugun da ya fusata ya ruga tudun jifa, korarsa ba ta da makawa. A Agustan 1993 Robin Ventura ya ruga kan Nolan Ryan bayan ƙwallo ta same shi, Ryan mai shekara 46 ya maƙale masa wuya ya yi ta nausa. Ventura aka kora, Ryan ya ci gaba da jifa.

Yanzu ga ɗaya ɓangaren tambayarka, wanda aka kora ba tare da ya taɓa kowa ba. Misali mafi shahara shi ne Noah Syndergaard na Mets a ƙarshen Mayun 2016. Ya jefa ta bayan Chase Utley, ba ta same shi ba, alƙali Adam Hamari ya kore shi nan take babu gargaɗi. Dalili biyu ne. A watan Oktoban da ya gabata Utley ya karya ƙafar Rubén Tejada na Mets garin zamiya zuwa zango na biyu, kowa na jiran ranar ramuwa. Na biyu, jifa ta bayan mutum ita ce mafi tona asiri, kuma tana cikin mafi haɗari, domin wanda ya ga ƙwallo na nufo shi baya yake ja, sai ya faɗa inda take zuwa. Ƙwararren da ya kai wannan matsayi ba ya kuskure da mita guda haka kawai. A 2009 an kori John Lackey bayan jifa biyu tak a wasansa na farko na kakar, ta farko ta bi bayan Ian Kinsler, ta biyu ta same shi. A Agustan 2018 José Ureña na Miami ya sami Ronald Acuña a gwiwar hannu da jifar farko, yaron da ya buga ƙwallo ta tsallake katanga a wasa biyar a jere. Alƙalai suka haɗu suka tattauna, suka kore shi, aka ƙara masa dakatarwar wasa shida.

Abin da alƙali ke aunawa ke nan: me ya gudana tsakanin ƙungiyoyin jiya ko bara, wane ne ke bugu kuma me ya yi a zuwansa na baya, wace irin jifa ce. Jifa mai lanƙwasa da ke tafiya a hankali takan zame daga yatsu, wanda ya yi niyya kuwa da miƙaƙƙiya mai ƙarfi yake aunawa. Alƙali yana duba maki, domin ba mai hankalin da zai ba da zango kyauta ana kunnen doki a ƙarshen wasa. Yana duba inda mai cafewa, wanda ke tsugune a bayan faranti, ya ajiye safar hannunsa. Duk waɗannan alamu ne masu ma'ana, amma alƙali biyu na iya kallon abu ɗaya su yanke hukunci daban, kuma abin da ka gani ke nan. Gabar ma takan daɗe. Hunter Strickland ya sami Harper a ƙugu a 2017 saboda ƙwallaye biyu da ya buga masa suka tsallake katanga tun 2014.

Dakatarwar da ke biyo baya ita ma ba ta da haƙora. Kaka wasa 162 ce, mai bugu kusan kullum yana fili, amma mai jifan da ke buɗe wasa sau ɗaya yake fitowa a kwana biyar. In ka dakatar da shi wasa biyar, ka matsar da ranarsa ce da kwana ɗaya. Wanda ya karya wa yatsa kuwa yana iya yin wata biyu a gida. Wani abu ya ƙara dagula lissafin: tun 1973 American League ta ba da damar wani ya riƙa bugu a madadin mai jifa, National League ta bi sahu a 2022. Mai jifa ba ya tsayawa a faranti yanzu, don haka abokin wasansa ne ke biyan bashin da ya ci. Masana tattalin arziki sun yi rubuce-rubuce kan ko wannan ya ƙara wa masu jifa ƙarfin hali, kuma shekaru da dama bayan 1973 an fi samun mutane a American League.

A 'yan shekarun nan adadin ya kai inda ba a taɓa gani ba a zamanin yau, ya haura 2,000 a kakar 2021. Mafi yawansu ba gaba ba ce. Ƙungiyoyi na neman masu ƙarfin jifa ko da saitinsu bai nuna ba, masu bugu kuma na ɗaura kariyar gwiwar hannu su matso faranti ba tsoro. Wannan ne ya sa nake ganin tambayar niyya ta tsufa. Lokacin da ƙwallon Mike Fiers ta farfasa fuskar Giancarlo Stanton a Satumbar 2014, babu mai cewa da gangan ne, Fiers kansa hankalinsa ya tashi matuƙa. Amma haƙoran Stanton sun zube, kakarsa ta ƙare a nan.

Japan da Koriya ta Kudu sun bi wata hanya. A Japan, tun 1994 a Central League, daga baya a ɗaya gasar ma, jifa mai haɗari da ta sami kai ko fuska kora ce, ba a tambayar abin da ke ran mai jifan. Koriya ta kafa irin wannan a 2014: miƙaƙƙiyar jifa ta sami kai, ka fita. Mai kallon ƙwallon ƙafa ya san wannan tunani, domin ɗan bayan da ya shigo da ƙafa sama ya taka ƙaurin mutum jan kati yake samu, ko ya rantse ƙwallo ya nufa. Masu suka a Amurka na cewa hakan zai hukunta marar laifi, ya kuma hana jifa ta kusa da jiki. Na ji wannan, amma wanda ya kasa riƙe ƙwallonsa har ta kai kan mutum ya nuna a ranar bai cancanci tsayawa a tudun ba, kuma fitar da shi daga wasa ɗaya ba ɓata masa suna ba ne. Masu jifan Japan ba su daina jefawa ta ciki ba, ƙasa da kafaɗa suke yi.

Dokar kai ba za ta magance ramuwar haƙarƙari ba, wannan sai an bar wa alƙali kirdadonsa. A nan gyaran da nake so biyu ne. A daina ba wa wanda ya fara gargaɗi kyauta idan alamu sun bayyana kamar na Dempster, a kore shi tun a jifar farko. Sannan a riƙa lissafa dakatarwar mai buɗe wasa da yawan fitowar da zai rasa, ba da yawan wasannin ƙungiya ba, manajan da aka samu da hannu a ciki shi ma ya zauna a gida tsawon wannan lokaci.